Rainon Mai Sikila: Shawarwari 24 Da Binciken Likitoci Ya Gaskata

A Amurka sikila tana cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba, domin masu ita a faɗin ƙasar kusan 100,000 ne. A Najeriya kuwa, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta ba tare da ya taɓa yin ciwon ba. Da wuya a sami unguwa a Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram da babu gidan da ake kwana zaune saboda amosanin jini.

Masu binciken da suka yi aiki a ƙauyukan Garki ta jihar Jigawa a shekarun 1970 sun tarar kusan jarirai biyu cikin ɗari SS ne, wato masu sikila, amma da ƙyar suke samun babba mai SS, saboda yawancin yaran ba sa rayuwa su girma. Yau masu sikila suna gama jami'a, suna aure, suna aurar da 'ya'ya. Mafi yawan abin da ya kawo wannan sauyi abu ne mai araha da uwa da uba za su iya yi a gida, kuma an gwada shi an tabbatar, wani a Amurka, wani a Jamaika, wani a nan Kano. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya.

1. A yi gwajin jinotayif kafin magana ta yi nisa. Idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon, ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, shi ya sa wani gidan 'ya'ya uku a jere masu sikila ne, wani gidan kuma babu ko ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma kada ku jira sai an kai lefe an sa rana. Gaskiya ta fi sauƙin karɓa tun saurayi bai turo magabatansa ba.

2. Ku maimaita gwajin a wani wuri daban. Ɗakunan gwaji sukan yi kuskure, kuma kuɗin gwaji na biyu ba komai ba ne kusa da hidimar shekaru. Ku tabbata jinotayif aka duba, wato AA, AS, SS, AC ko SC, domin rukunin jini irin su O, A da B wani abu ne daban. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, don jinin da aka ƙara masa yana iya ɓoye nasa.

3. A gwada jariri tun yana cikin zanen goyo. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na cikin mahaifa da ke kare shi, sai wajen wata shida kariyar ke raguwa, a fara ganin kumburin bayan hannu da ƙafa da kukan da ba ya tsayawa. A Kumasi ta ƙasar Gana, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai tun 1995 domin a riga ciwon. Yanzu akwai gwajin ɗigon jini ɗaya da ke ba da amsa cikin mintuna, ku tambaye shi ranar da kuka je rigakafi.

4. Ku fahimci abin da ke faruwa a cikin jinin. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa. Idan jiki ya rasa ruwa ko iska, ƙwayar takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, wannan toshewar ce ciwon ƙashin da yaro ke birgima a kansa. Ƙishirwa, sanyi, zazzaɓi da gajiya su ne manyan masu tayar da shi, duk sauran shawarwarin nan a kansu suke zagaye.

5. A daina ɗora wa uwa laifi. Yaro ba ya zama SS sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyun, don haka babu dangin da ya kawo wa wani. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya. Kakanni da gwaggwanni su ji wannan daga bakin maigida da kansa, don uwar da ake goranta wa ba ta da natsuwar jinya.

6. Ku yi wa yaro rajista a asibitin masu sikila, ku je ko yana lafiya. Manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da ranar da suka ware wa masu sikila, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta musamman domin su. A ranar da yaro yake garau ake gane yawan jininsa na yau da kullum, girman saifarsa da nauyinsa. Da wannan ma'aunin likita zai gane abin da ya sauya ranar da kuka zo a guje.

7. Kada fenisilin ya yanke a gidan. Saifar mai sikila takan daina aikin tace ƙwayoyin cuta tun yana ƙarami, shi ya sa namoniya da sanƙarau suke yi masa saurin kisa. Gwajin da aka yi a Amurka aka wallafa a 1986 ya nuna shan fenisilin sau biyu a rana ya rage irin wannan mugun kamuwa da kashi 84 cikin ɗari, har aka tsayar da gwajin da wuri don kowane yaro ya samu. Ana farawa daga wata biyu zuwa aƙalla shekara biyar, likita ne zai faɗi adadin, ku kuma ku haɗa shi da karin kumallo da abincin dare don kada a manta.

8. A kammala katin rigakafi tsaf. Allurar namoniya da ake yi a sati 6, 10 da 14 kyauta ce a asibitocin gwamnati, kuma ta fi muhimmanci ga mai sikila fiye da kowane yaro a gidan. Idan an tsallake wata, ku koma a ci gaba daga inda aka tsaya. Ku adana katin a leda tare da takardun asibiti, kada ruwa ko ɓera su ɓata shi.

9. Ku sayi ma'aunin zafin jiki. Bayan hannu yana ruɗi, ma'aunin kuwa ba ya ƙarya, kuma ana samunsa a kemis da kuɗi kaɗan. Idan ya nuna 38.5 ko sama, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne, domin ƙwayar cuta tana iya mamaye jinin yaron cikin 'yan sa'o'i. Farasitamol yana sauke zafin ya bar cutar tana aikinta, kada saukar zafi ta sa ku koma barci.

10. Gidan sauro kowane dare, rani da damina. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da 'yar kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wannan ne ma dalilin yawaitar ƙwayar a ƙasashenmu. Mai SS kuwa jininsa dama kaɗan ne, zazzaɓi ɗaya yana iya zuƙe sauran. Ku ɗinke hujin gidan sauron, ku karɓi maganin kariya da ake rabawa gida-gida da damina, amma ku fara gaya wa likita in yaron yana shan wani maganin kariyar kullum.

11. Ruwa ya kasance kusa da hannunsa koyaushe. Ku ware masa gora tasa, a cika ta da safe, ta bi shi makaranta da islamiyya, ta kwana kusa da shimfiɗarsa. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa sosai, shi ya sa yake yawan fitsari har da na kwance, don haka kada a doke shi, kada kuma a hana shi sha da dare. Idan fitsarinsa ya yi duhu a ƙara ruwa, idan gudawa ko amai ya zo a haɗa ruwan gishiri da sukari nan take.

12. Ku shirya wa hunturu tun bai shigo ba. Sanyi yana matse hanyoyin jini, shi ya sa ciwo ke yawan tashi daga Disamba zuwa Fabrairu da kuma ranar da ruwan sama ya doki yaro. Rigar sanyi, safa da hula na gwanjo sun wadatar, wanka kuma da ruwan ɗumi bayan hantsi ya ɗaga, a goge jiki da sauri a shafa mai. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana cinye iskar da jinin yaron ke nema.

13. Uwa, koyi taɓa saifa. Wani lokaci jini yakan taru a saifa farat ɗaya, cikin yaro ya kumbura ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ya yi fari fat, jiki ya saki. A Jamaika, da aka koya wa iyaye mata lalubar saifa da yatsunsu, mutuwa daga wannan matsalar ta sauko daga kusan 29 cikin ɗari zuwa kusan 3, kamar yadda aka wallafa a 1985. Ki roƙi nas ta ɗora hannunki a wurin ta nuna miki, sannan ki riƙa dubawa kullum lokacin wanka.

14. Ku saba da kalar tafin hannunsa. Ku duba tafin hannu, harshe da cikin fatar ido a hasken rana lokacin da yake lafiya, don ku san yadda suke. Ranar da suka fi haka fari, ga haki, ga bugun zuciya da sauri, jini ne ya yi ƙasa, kuma babu zoɓo ko lemon kwalba da zai mayar da shi a ranar. Ku haddace adadin PCV ɗinsa na yau da kullum, wato ma'aunin yawan jininsa, shi ne abu na farko da likita zai tambaya.

15. A yi masa hoton jijiyoyin kai duk shekara. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan 11 cikin ɗari na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Akwai awon da ake kira TCD, ana ɗora 'yar na'ura a gefen kai ta auna gudun jini, babu allura babu ciwo, ana yin sa daga shekara 2 zuwa 16. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna idan aka gano yaran da ke cikin haɗari aka riƙa yi musu ƙarin jini a kai a kai, shanyewar tana raguwa da kashi 92 cikin ɗari.

16. Ku tambayi likita batun haidroksiyuriya. Ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, shi ya sa Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada wannan ƙwayar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. A cikin yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da awonsu ya nuna haɗari, shanyewar jiki ta tsaya a ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara, alhali ba magani ana sa ran kusan goma. An wallafa sakamakon a 2022, kuma 'ya'yan maƙwabtanmu ne suka tabbatar wa duniya da shi.

17. In an fara haidroksiyuriya, a sha kullum, a je awon jini. Aikinta shi ne ta farfaɗo da irin jinin nan na jarirai da ba ya lanƙwashewa, kuma sai an yi watanni ana sha kafin a ga amfaninta sosai. A 1995 an nuna tana rage tashin ciwo kusan rabi ga manya, a 2019 kuma gwajin yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya nuna raguwar ciwo, buƙatar ƙarin jini, mutuwa, har da zazzaɓin cizon sauro. Da nauyin yaro ake auna adadinta, kuma tana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka kada a saya a kemis bisa shawarar maƙwabciya.

18. Ƙaramin ciwo, a tare shi tun yana tasowa. A ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ruwa mai yawa, tsumma mai ɗumi a wurin, tausa a hankali da hutu. Ƙanƙara tana ƙara toshe jini, sakiya, tsaga da ƙaho kuma suna zubar da ɗan jinin da yake da shi, su buɗe wa cuta ƙofa. Ku guji allurar kashe ciwo ta kemis irin fentazosin, tana sa jiki ya saba har a kasa bari, yawan shan diklofenak kuma yana lalata ƙoda da ciki.

19. Ku rubuta alamun haɗari ku manna a bango. Ciwon ƙirji, tari da numfashi sama-sama, karkacewar baki, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe, jijjiga, matsanancin ciwon kai, barcin da ba a iya tayar da shi, ko ciwon da ya ƙi jin maganin gida. Ko ɗaya aka gani cikinsu, a tafi, ko da alamar ta zo ta wuce. Maigida ya bar izini a fili tun yanzu, cewa in ba ya nan a ɗauki yaro a tafi ba sai an jira shi ba.

20. Uba, yi wa ɗanka maganar da yake jin kunyarta. Samari masu sikila sukan sami miƙewar gaba mai ciwo ba tare da sha'awa ba, yawanci da asuba, kuma da yawa suna ɓoyewa har abin ya lalace. Ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya ɗan taka, in ta kai awa biyu ba ta kwanta ba a tafi asibiti. Bayan awa huɗu naman wurin yana fara lalacewa, kuma hakan na iya shafar aurensa nan gaba.

21. Tukunyar gida ta isa, a dai ƙara masa. Jikinsa yana ƙera jini ba hutu, don haka yana buƙatar abinci fiye da sa'anninsa: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, zogale, alayyafo da duk ɗan itacen da ke kakarsa. Ƙwayar folik asid tana da araha, a ba shi kamar yadda aka rubuta. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuwa kada a ba shi sai gwaji ya nuna buƙata, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, domin ƙarfen yana taruwa a hanta da zuciya.

22. Littafi ɗaya, asusu ɗaya, da sunayen mutum uku. A littafin makaranta mai araha ku riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, abin da ya gabace shi, maganin da aka sha da ranar ƙarin jini, ku ba malaminsa na boko da na islamiyya labari don su bar shi ya sha ruwa, ya fita fitsari, a kuma ɗauke masa bulala da gudu a rana. A asusun ku jefa ko nawa ne duk ranar kasuwa, ku ajiye lambar mai adaidaita ko mai mota da zai fito da dare, da 'yan uwa uku da suka yarda su ba da jini. Babba mai sikila ya shawarci likita kafin azumi, mai juna biyu kuma ta fara awo da wuri, ta faɗi duk maganin da take sha, ta haihu a asibitin da ke da jini.

23. Ku riƙe kuɗinku daga mai cewa zai mayar da SS ya koma AA. Babu jiƙo, garin magani ko ƙwayar intanet da ke canza abin da aka gada, abin da aka tabbatar yana warkarwa shi ne dashen ɓargo, sai gyaran ƙwayar halitta irin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya kai dala miliyan 2.2. Ko maganin da ya bi matakan gwaji ana ci gaba da sa masa ido, shi ya sa kamfanin Pfizer ya janye Oxbryta daga kasuwa a 2024 da aka ga haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Wanda bai yarda a auna maganinsa ba, kada ku ba shi ɗanku ya auna a kansa.

24. In an gayyace ku shiga bincike, ku yi tambaya har ku gamsu. Mutanen Kano suna da dalilin taka tsantsan: a annobar sanƙarau ta 1996 an sa yara 200 a gwajin maganin Trovan, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan batun izinin iyaye har kamfanin maganin ya yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Haƙƙinku ne a yi muku bayani da Hausa, a nuna muku amincewar kwamitin ɗa'a na asibitin, a faɗa muku illar da ake tsoro, wanda zai biya in wani abu ya faru, da ko yaro zai ci gaba da samun maganin bayan an gama. Kuna da ikon ƙi, kuna da ikon fita a tsakiya ba tare da an rage wa ɗanku kulawa ba, in kuma kun gamsu kun shiga, kun taimaki yaran da ba a haifa ba tukuna.

Ba sai an yi duka a rana ɗaya ba. A wannan makon ku sayi ma'aunin zafi, ku rubuta alamun haɗari, ku tambayi ranar asibitin masu sikila mafi kusa da ku, sannan ku karanta wa maƙwabciyar da ba ta iya karatu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.